Murhun maganaɗisu a Yamai: baki ɗaya, biyu ko huɗu, wanne gidanku zai iya ɗauka?

Ƙanwata ta kusa gama gininta a unguwar Bobiel, saura shimfiɗa tayil a madafa, sai ta kira ni bayan isha'i. "Yaya, na ga wani murhu gidan ƙawata, baƙin gilashi ne sumul, babu harshen wuta babu hayaƙi, kafin mu gama gaisawa ruwan shayi ya tafasa. Irinsa nake so, amma mai baki huɗu." Na ce, "To madalla, Allah ya sa alheri. Mitar da aka kafa miki kilowat nawa ce?" Sai ta yi shiru. Ba laifinta ba ne, mai kanti ba ya yi wa kowa wannan tambaya, shi dai ya karɓi kuɗi ya ɗora kwali a mota. Bayanin da na yi mata a daren nan ya yi tsawo har kuɗin wayarta ya ƙare, shi ne na ga gara in rubuta shi, don na san ba ita kaɗai ce ke wannan waswasin ba.

Murhun da take nufi shi ne wanda ake rubuta "induction" a kwalinsa. A ƙarƙashin gilashin akwai naɗin wayar jan ƙarfe. Idan aka kunna, kuran, wato wutar lantarki, yana kai da komo a cikin naɗin sau dubu ashirin ko fiye a daƙiƙa ɗaya, ya haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya ratsa gilashin ya shiga gindin tukunya ya zafafa ƙarfen kansa. Wato tukunyar ce murhun. Shi ya sa kusan kashi 85 cikin 100 na wutar da mita ta ƙirga ke shiga abinci, alhali a gaz rabin zafin ko fiye gefen tukunya yake bi ya cika ɗaki. Duk wadda ta taɓa tsayuwa kan girki a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ta san darajar wannan bambanci.

Abubuwan da za a auna kafin a taɓa aljihu

Na farko, kuma shi ne alƙali, ƙarfin mita. Wutarmu bolt 220 ce. Yawancin gidajen zama NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, tana ba su kilowat 3 ko kilowat 6 (kilowat ɗaya wat 1000 ne), wato kimanin amper 15 ko amper 30. Kusa da mitar akwai dijonktar, makunnin nan da ke faɗuwa ya katse wuta idan kaya suka yi masa yawa. Lissafin ba wuya: a raba wat ɗin murhu da 220, abin da ya fito shi ne amper ɗin da zai ja. Mai wat 2000 yana jan amper 9, mai 3500 yana jan 16, mai 7200 yana jan kusan 33. Sai a tuna ba shi kaɗai ne a gidan ba. Firigo, fanka uku, talabijin da fitilu sun kai wat 500 ba tare da an lura ba, kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai doki ɗaya da rabi kuma ya haura wat 1000 shi kaɗai.

Na biyu, wayar da ke cikin bango. Kaurinta ake aunawa da milimita murabba'i, masu aikin suna cewa 1.5, 2.5, 4, 6, 10. Masu aikin lantarkinmu ƙa'idar Faransa suka koya, mai suna NF C 15-100, kuma abin da ta ce a sarari yake: waya 2.5 ba a kare ta da dijonktar da ya wuce amper 20, murhun girki babba kuma sai waya 6 da dijonktar mai amper 32, a layinsa shi kaɗai. Waya 1.5 ta fitilu ce, amma a tsofaffin gidaje da gidajen haya sau da yawa ita ce aka ja har zuwa soket, wanda mu nan muka fi kira piriz.

Na uku, tukwane da irin girkin gidan. Tukwanen alminiyam da maƙeran kasuwar Katako ke zubawa, waɗanda kowace amarya ke tarewa da su, ba sa aiki a kan wannan murhu ko kaɗan, murhun ba zai ma san an ɗora komai ba. Haka tukunyar ƙasa, haka ta gilashi. Gwajin ɗaya ne: a samo maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ne, a manna a gindin tukunya. Idan ya kama da ƙarfi za ta yi, idan ya zame ba za ta yi ba. Kuma sai gindin ya zama shimfiɗaɗɗe, mai kumburin gindi irin ta murhun itace ba ta zauna.

Na huɗu, halin kuran a unguwarku. Kaso mai tsoka na wutar Yamai daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kabi, kuma ba wanda ya manta da yadda gari ya kasance bayan an katse shi a watan Agustan 2023. Tashar Goru Banda mai aiki da mai, wadda aka buɗe a 2017, da ta hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen 2023, sun rage nauyi, amma lokacin bazara, sa'ad da kowa ya kunna kilim, buƙata takan fi abin da ke akwai. Ɗaukewar wuta kowa ya san ta. Wadda ba a cika lura da ita ba ita ce raguwar ƙarfi, musamman a gidajen da ke ƙarshen layi: fanka ta rage gudu, fitila ta yi ja. Murhun maganaɗisu yana da ƙwaƙwalwar lantarki a ciki, idan bolt ya sauka da yawa sai ya nuna lambar kuskure ya tsaya, idan kuma wuta ta dawo da ƙarfi farat ɗaya tana iya ƙona masa allo.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, ƙarko, da ko gidan naka ne ko haya kake. Kuɗin kuma kashi uku ne, na saye, na haɗawa, da na wata-wata, kuma na tsakiyan ne ke ba mutane mamaki.

Ga yadda za a kwatanta kuɗin wata-wata da na gaz ba tare da kowa ya ruɗe ka ba. Kilo ɗaya na gaz yana ɗauke da zafin da ya kusa kilowat-awa 13, wato awon da mita ke ƙirga wuta da shi. Butali mai kilo 6 ke nan kusan 76, amma abin da ke shiga tukunya bai kai rabi ba. Girkin da butali mai kilo 6 ke yi, murhun maganaɗisu zai yi shi da kimanin kilowat-awa 40 a mita. Na butali mai kilo 12.5 kuma da kimanin 85. Ɗauko takardar kuɗin wutarka, duba farashin kilowat-awa ɗaya, ninka sau 40, ka ajiye kusa da kuɗin cika ƙaramin butali. Sai dai a yi hattara: farashin wuta hawa-hawa ne, yawan sha yana haura da kai mataki mai tsada, don haka da farashin mataki na sama za a lissafa girkin, tunda a bisa abin da gidan ya saba sha zai hau. Gaz kuwa tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 a gida ake samar da shi, gwamnati ce ke ƙayyade farashinsa. A gidaje da yawa lissafin nan zai nuna gaz ya fi sauƙi. Wanda ke sayen murhun maganaɗisu, sanyin madafa yake saye, da sauri, da tsabta, da mafita ranar da gaz ya yi wuya a gari ana yawo da butali a bayan babur.

Mai baki ɗaya na ɗorawa kan tebur

Wannan shi ne mafi arha nesa ba kusa ba, kuma shi ya fi yawa a kantunan Babbar Kasuwa da Wadata. Ƙarfinsa yawanci wat 2000, ko kaɗan sama ko ƙasa. Yana tafasa lita biyar na ruwa cikin kusan minti goma sha biyar, ya ci rabin kilowat-awa. Mita mai kilowat 3 tana ɗaukarsa tare da firigo da fankoki, muddin ba a kunna kilim ko dutsen guga a lokaci guda ba.

Ana cewa ba ya bukatar haɗi, a soka a piriz kawai. Gaskiya ne da sharaɗi. Amper 9 na tsawon awa ɗaya ba wasa ba ne ga piriz mai sako-sako da aka ja da waya 1.5, wanda kuma firigo ke rataye a layinsa. A gwada haka: a yi girki na minti ashirin, a kashe, a taɓa kan filogin. Ɗumi kaɗan ba komai, amma idan ya yi zafin da ba a iya riƙewa, ko ana jin ƙaurin roba, piriz ɗin nan bai dace ba. Abin da na fi hanawa shi ne wayar ƙari mai baki da yawa, irin wadda ake cajin waya da ita. Na taɓa ganin wadda ta narke ta manne da tabarma a gidan wani maƙwabci, Allah ya kiyaye yara ba sa ɗakin. Idan da hali, a kira mai aikin lantarki ya ja layi ɗaya da waya 2.5 daga akwatin rarraba wuta zuwa piriz mai amper 16 mai wayar ƙasa, wadda ke kai yoyon wuta cikin ƙasa. Aikin wuni ɗaya ne, kuma ko a gidan haya ana iya bin bango da shi a cikin bututun roba.

Rauninsa a girki yake. Naɗin wayar da ke ciki ƙarami ne, bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, saboda haka babbar tukunya tsakiyarta kawai ke zafi, shinkafa ta kama a tsaka gefe bai nuna ba. Masu arha kuma idan aka rage musu wuta ba ragewa suke ba, kunnawa da kashewa suke yi a jere, miya ta ɓararraka ta lafa, ta ɓararraka ta lafa. Tuƙin tuwo kuwa, a bar shi. Jikinsa roba ne, gilashin siriri, ga tukunya na zamewa kana danna muciya. Amma ga shayi, kunu, dafa taliya, ɗumame, miyar mutum huɗu ko biyar, babu kamarsa. Ƙarkonsa ya danganta da fankar da ke ciki: ƙurar hunturu da kyankyasai su ne ajalinsa. Idan ya mutu, sau da yawa ƙaramin abu ne a allon ya ƙone, masu gyaran talabijin suna iya canzawa, idan ma bai gyaru ba asarar ba ta karya mutum.

A nan sai in yi gargaɗi kan ɗan'uwansa da ake sayarwa gefe da gefe, har wasu masu kanti ba sa bambance su. Shi ma baƙin gilashi ne, amma idan aka kunna sai ya yi ja kamar garwashi, shi ya sa zan kira shi mai jan gilashi, a kwalinsa ana rubuta "infrarouge". Wannan zafi yake fitarwa da kansa, don haka yana karɓar kowace tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi, har ta alminiyam. Wutar da yake ja daidai take da ta wancan, amma ya fi jinkiri, ya fi zafafa ɗaki, kuma gilashin yana daɗewa da zafi bayan an kashe, abin tsoro inda akwai yara masu rarrafe da tattaɓa. Ga wadda ba ta shirya sauya tukwane ba, ya fi farantin ƙarfen nan da ake sayarwa don a sa tsakanin murhun maganaɗisu da tukunyar alminiyam, wanda ke cinye saurin kuma ya mai da zafi kan gilashin.

Mai baki biyu

Iri biyu ne: na ɗorawa kan tebur, da siriri mai faɗin santimita 30 da ake nutsawa cikin dandamalin madafa. Dukansu jimillar ƙarfinsu kan tsaya wajen wat 3500, daidai iyakar abin da piriz mai amper 16 ke ɗauka. Ma'ana bakunan biyu raba ƙarfin suke yi, idan ka ƙure ɗaya sai ɗayan ya sauka da kansa. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi.

Shi kam dole a ja masa layinsa: waya 2.5, dijonktar mai amper 20, wayar ƙasa, kuma kada a rataya masa komai. A mita mai kilowat 3 zai yi ta jefar da dijonktar ɗin gida duk lokacin da aka buɗe bakunan biyu sosai, sai dai idan yana da tsarin ƙayyade ƙarfi. Wannan tsari, wanda yawancin na nutsawa na kamfanonin kirki suke da shi, yana ba ka damar ce wa murhun kada ya wuce kilowat kaza komai aka danna. A tambaya kafin a saya, a buɗe littafin a gani da ido, kada a tsaya kan "eh yana da shi" na yaron kanti. A mita mai kilowat 6 kuwa zama yake daram, da kilim ɗaya a kunne ma.

A ganina shi ne ya fi dacewa da yawancin gidajen ma'aikata a Yamai: tukunyar shinkafa a nan, ta miya a can. Na nutsawan ya fi na tebur tsada amma gilashinsa ya fi kauri, naɗinsa ya fi faɗi, kuma yana rage wuta a hankali yadda miya za ta yi ta dahuwa ba ta kama ba.

Mai baki uku ko huɗu, irin wanda ƙanwata ta gani

Faɗinsa santimita 60, ƙarfinsa kilowat 7 zuwa 7.4. Kun ga tun daga nan ya fi ƙarfin mita mai kilowat 6 gaba ɗayanta, ko da an kashe kowace fitila a gidan. Gaskiya ne ba kullum ake ƙure baki huɗu lokaci ɗaya ba, kuma da tsarin ƙayyade ƙarfi ana iya riƙe shi a kilowat 4 ko kusa da haka. Amma sai mutum ya tambayi kansa: na biya kuɗin baki huɗu don in yi amfani da ƙarfin baki biyu? Wanda ke son cikakken amfaninsa sai ya je ofishin NIGELEC ya nemi ƙarin ƙarfi, ya biya abin da ke kai. Dijonktar ɗin mita a hatimce yake, ba na taɓawa ba ne, duk mai aikin da ya ce zai "ɗan buɗe maka shi" ka sallame shi tun da wuri.

Haɗinsa ne aikin gaske. Ba a soka shi a piriz. Daga akwatin rarraba wuta ake jan waya uku masu kaurin 6: mai wuta ja ko ruwan ƙasa, ta dawowa shuɗiya, ta ƙasa mai ratsin kore da rawaya. Su bi ta cikin bututu har zuwa ƙaramin akwatin haɗi mai amper 32 a bayan murhun, inda ruwan wanke-wanke ba ya kaiwa. A akwatin rarrabawa a sa dijonktar mai amper 32, a gabansa kuma a sa makunnin nan mai lura da yoyon wuta, difaransiyel, mai miliamper 30, nau'in A. Harafin nan yana da muhimmanci: nau'in AC da ya fi yawa a kasuwa ba lallai ya gane irin yoyon da allon wannan murhu ke yi ba. Yana da ɗan maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci a ga ya faɗi.

Wani abu da littafin murhun bai san da shi ba: madafarmu sau da yawa a ƙarshen tsakar gida take, mita kuma a bakin ƙofa. Tsawon waya yana cin bolt. Amper 32 a waya 6 mai tsawon mita 20 yana zubar da kusan bolt 5 a hanya. Idan tazarar ta kai mita 30 ko fiye, a hau waya 10, musamman a unguwar da dama wutar ke zuwa a raunane. Kuma a sayi wayar da kai, ko a tsaya a ga an saya. Akwai wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A kankare bakin da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki a mayar. Akwai kuma wadda aka rubuta 6 a jikinta alhali roba ce ta yi kauri. Kuɗin waya 6 ta gaske, sau uku tsawon tazarar, da difaransiyel, da ladan aiki, su ne kuɗin tsakiyan da na ce suna ba mutane mamaki.

Wayar ƙasa ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gidaje da yawa piriz ɗinsu na da ƙarfen ƙasa amma babu abin da aka ɗaura masa a baya. Ana kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ƙasa, a ɗaura mata wayar. Ƙasarmu busasshiya ce mai rairayi, sanda ɗaya ba lallai ta isa ba, shi ya sa ake aunawa da na'ura. Ƙa'idar ta ce kada awon da na'urar ta nuna ya wuce om 100. A kafa ta inda ƙasa ke samun danshi, kuma a auna da rani, ba da damina ba, lokacin da kowace sanda ke nuna lafiya lau.

Sai wurin da murhuna da yawa ke mutuwa ranar farko. A ƙarƙashin murhun akwai wurin ɗaura waya da ƴan ƙananan gadoji na jan ƙarfe, da zane da ke nuna yadda za a jera su idan wutar gidan mai layi ɗaya ce, da yadda za a jera idan mai layi uku ce. A gida mai layi uku akwai bolt 380 tsakanin layi da layi. Idan aka kuskura aka sa layi mai wuta a gurbin shuɗiya, allon ya tafi nan take, kuma babu mai kantin da zai karɓa. Haka kuma ƙarfin mita mai layi uku a rabe yake kashi uku: idan misali kilowat 12 ne, kowane layi 4 ke gare shi, don haka sai an raba murhun a kan layi biyu kamar yadda zanen ya nuna, in ba haka ba zai riƙa jefar da wuta mai gida na mamaki. Kowane noti a ɗaure shi tamau, don haɗi mai sako-sako shi ke fara zafi.

Dandamalin ma da maganarsa. Namu na siminti ne da tayil, ba katako ba, saboda haka ramin sai an bar shi tun wajen zuba kankare, kimanin santimita 56 da 49, amma a bi awon da ke littafin wanda aka saya. Kada magini ya toshe ƙasan da bulo ya shafe. Murhun fankoki gare shi, sai iska ta shiga ta fita, in ba haka ba a watan Mayu zai riƙa kashe kansa tsakiyar girki. Kada kuma a like shi da siminti, ranar gyara ɗaga shi ake yi. Gilashin yana da ƙarfi, amma rairayi a gindin tukunya yana karce shi, turmi ko murfin ƙarfe ya faɗo a gefensa ya tsage, kuma samun madadinsa a nan sai an yi oda an jira. Na'urar daidaita bolt da za ta ɗauki kilowat 7 ita ma babban kuɗi ce, alhali ta mai baki ɗaya ƴar ƙarama ta isa. Mafi sauƙin kariya: idan an ɗauke wuta a sauke dijonktar ɗinsa, sai ta dawo ta zauna a ɗaga, kuma a sa abin kare tsawa a akwatin saboda hadarin damina.

Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya tambayi likitansa kafin ya tsaya kan kowane irin murhun maganaɗisu.

Haɗa shi da gaz

Akwai wanda aka ƙera rabi gaz rabi maganaɗisu a gilashi ɗaya. Yana da kyan gani, wayarsa irin ta mai baki biyu ce. Idan daga Turai aka kawo shi a duba ƴan bakunan fitar gaz ɗin, don sau da yawa na gaz ɗin bututu ne a kai, sai an sauya da na butali. Ni dai na fi son a raba su: murhun gaz daban, na maganaɗisu daban, gefe da gefe. Ɗaya ya lalace ɗaya na aiki, kuma kowanne ana sauya shi shi kaɗai. Abin kiyayewa guda: gaz ɗin butali ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, don haka kada piriz ko akwatin haɗi su kasance a ƙasa cikin rami ɗaya da butali, kuma a bar wa wurin kafar iska.

| Zaɓi | Ƙarfi | Waya da dijonktar | Mitar da ta dace | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Baki ɗaya na tebur | wat 2000 | 2.5, piriz amper 16 | kilowat 3 | kaɗan | piriz mai rauni, ƙura |
| Mai jan gilashi | wat 2000 | 2.5, piriz amper 16 | kilowat 3 | kaɗan | ƙuna bayan an kashe |
| Baki biyu | wat 3500 | 2.5, amper 20, layinsa | kilowat 6 | matsakaici | jefar da wuta a ƙaramar mita |
| Baki uku ko huɗu | wat 7000 zuwa 7400 | 6, amper 32, layinsa | sama da kilowat 6 | mai yawa, da haɗi mai tsada | kuskuren haɗi, rashin kayan gyara |
| Baki biyu da gaz a gefe | wat 3500 | 2.5, amper 20, layinsa | kilowat 6 | matsakaici zuwa sama | yoyon gaz kusa da piriz |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi, gwauro, ma'aikacin da aka turo daga Tawa ko Maraɗi yana zaune ɗaki ɗaya, da duk mai haya: baki ɗaya, da tukunya biyu da maganaɗisu ya kama. Idan mita ɗaya kuke rabawa da maƙwabta a gidan haya, a yi maganar kuɗin wuta tun kafin a kunna, don kilowat-awa biyu a kowace awa ba ya ɓoyuwa a ƙarshen wata. Wadda tukwanenta duk na Katako ne kuma ba ta da niyyar rabuwa da su, mai jan gilashi, a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kai.

Iyali mai mutum biyar zuwa takwas a gidan kansu da mita mai kilowat 6: baki biyu na nutsawa, butalin gaz a gefe don tuwo da ranar da babu wuta. Masu faifan hasken rana da inbata mai kilowat 3 zuwa 5 suna iya girkin rana da baki ɗaya kusan kyauta, tsakanin hantsi da azahar, amma girkin dare a kan batura yana tsufar da su da wuri. Ƙaramin janareto kuwa kada a haɗa su.

Babban gida mai tukunyar mutum ashirin, da masu abincin sayarwa, da ranar suna ko buki: wannan ba fagen murhun gilashi ba ne, gaz mai babban baki ko murhun tsakar gida. Mai baki huɗu na wanda ke da mita mai ƙarfi ne, da wayar ƙasa da aka auna, da mai aikin da ya iya karanta zanen da ke ƙarƙashin murhun.

Ƙanwata mitarta kilowat 6 ce, da ta duba. Na ce ta sa a ja waya 6 a bututu tun yanzu kafin a rufe da tayil, tunda fasa bango daga baya ya fi wayar tsada, a bar ramin murhu mai faɗin santimita 60 a dandamali a rufe shi da katako mai kauri. A kan katakon yanzu mai baki biyu ne na tebur ke zaune, an soka shi a nasa piriz mai waya 2.5, butalin gaz yana can ɗaya gefen kusa da taga, wayar 6 kuma tana cikin akwatinta a bayan dandamali, an naɗe bakinta, dijonktar ɗinta a sauke.